Iyafis, Hular Kwano Da Ni: Ranar Da Waƙar Fim Ta Kusa Kai Ni Lahira

Jama'a, kowa da irin jarabarsa. Wani shayi, wani ƙwallo, wani kuma in bai ci goro ba kansa ciwo yake. Ni tawa jarabar waƙar fim ce. Tun ina ɗan firamare, lokacin da 'Sangaya' ya fito ake cika ɗakin maƙwabcinmu mai bidiyo da janareto, mu yara muna leƙe ta taga, na kamu, kuma har yau ban warke ba. Na yi zamanin kaset ɗin rikoda da ake juyawa da biro in zare ya sarƙe, na yi zamanin sidi, na yi na wayar Caina mai sifika kamar ta masu tallar magani a kasuwa. Yanzu ma abincina a harkar yake, domin ina da ɗan shago a Dutse inda nake cajin waya da tura wa mutane finafinai da waƙoƙi. Iyalina kuwa suna ƙauyenmu ta wajen Kiyawa, saboda haka kullum in Allah Ya kai mu sai na hau Boksata na biyo ta Shuwarin na shigo gari, da almuru na koma.

Tafiya ce ta kusan rabin awa. Daga kai sai gonaki, sai ƙugin inji, sai iska. To mutum kamata, da ɗaruruwan waƙoƙi a aljihu, tun daga kan su Misbahu M. Ahmad har zuwa su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, a ce ya yi wannan tafiyar shiru safe da yamma? Ai da sake.

Matsalar ita ce ina cikin 'yan tsirarun da ke sa hular kwano a garin nan. Abokaina 'yan acaɓa ɗan sama jannati suke ce min. Waɗanda suka yi wayo a 2009 za su tuna cewa ran 1 ga Janairun shekarar ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa mai mashin da wanda ya goya sa hular. Abin da aka gani a lokacin ko a fim ɗin marigayi Ibro sai haka. A Kano wasu ƙwarya suka fafe suka ɗaura mata igiya, wasu robar fenti suka kifa, har labari ya kai BBC. Fasinja kuma suka ce ba za su sa hular da kowa ya sa ba, wasu na gudun makero da ƙwarƙwata, wasu na cewa za a yi musu asiri da ita. Ni ma a lokacin ina satar hawan Jincheng ɗin yayana, na yi dariyata har da riƙe ciki. Aka yi 'yan watanni ana kame, daga nan abin ya lafa, kowa ya koma hularsa ta zanna.

Abin da ya kashe min dariyar shi ne faɗuwar yayan nawa bayan wasu shekaru. Ba gudu yake ba, wallahi ko giya uku bai sa ba. Akuya ce ta gitta, ya taka birki a kan yashi, kansa ya bugi gefen kwalbati. Babu karaya ko ɗaya a jikinsa, amma ya yi kwana tara bai san wanda ke kansa ba, kuma har yau in yana magana sai ka yi haƙuri ka jira shi. Ranar da na sayi nawa mashin ɗin, Inna ba ta ce min komai ba sai da na gama murna. Sannan ta kwance bakin zaninta ta miƙo min kuɗin da ta tara na ƙuli-ƙuli, ta ce, "Ungo, ka sayo kwanon nan na ka. In ka hau abin nan babu shi, ban yafe ba." Kun san uwa in ta ce ban yafe ba, magana ta ƙare.

Na sayo irin mai rufe fuska gaba ɗaya, mai gilashi. A nan rigima ta fara, domin ashe hular kwano da iyafis ba sa ga-maciji.

Na farko da na gwada shi ne irin farin nan mai tauri da ke zuwa a kwalin waya, wanda ba shi da 'yar roba a baki. Shi dama ba shiga kunne yake ba, zama yake a bakin ƙofa. Kana zura hula, soson da ke gefen kumatu zai share shi ya faɗo wuya. In ka yi dabara ka cusa yatsa ka mayar da shi, to hular za ta danne shi a kan guringuntsin kunne. Kafin na kai Shuwarin kunnena ya yi zafi kamar malamin allo ya murɗe shi. In na cire hula sai na yi minti biyar ina mulmula wurin.

Sai na ce bari na shiga sahun 'yan gayu, na sayi marar waya, mai Bluetooth, irin mai 'yar jela da ke saukowa ta gefen kumatu. Wannan jelar ita ce musibar. Bakin hula na taɓa ta, sai ta juya ta ɓanɓaro abin daga kunne. Wani lokacin ba ya faɗuwa nan take, sai ya maƙale a cikin soso, waƙa ta koma can nesa kamar ana biki a unguwar gaba. Sati biyu kacal na yi da shi. Ranar kasuwar Shuwarin na tsaya sayen rake, na zare hula, sai na ji ƙwal! Na hagun ya yi tsalle ya gangara tsakiyar titi. Ina kallo, ina salati, wata tirela ta bi ta kansa. Da na je ɗauka, abin da na samu bai fi ƙwayar gyaɗar da aka taka ba.

Ban daddara ba. Na sake sayen wani marar jela, dunƙulalle kamar goriba ƙarama. Shi wannan ya zauna, amma irin wanda ake taɓawa da yatsa ne ya tsaya ko ya canza waƙa, kuma ya turo waje sosai. Duk ramin da na faɗa sai hula ta taɓa shi, waƙa ta tsaya, ko ta tsallake. Wannan duk mai sauƙi ne. Ashe in an taɓa shi ta wata siga, lambar da ka kira ta ƙarshe yake sake kira. Ran nan ina tafe ina bin wata waƙar soyayya da iyakar muryata, na ji kiɗa ya ɗauke, ban kula ba na ci gaba da rerawa ni kaɗai, har da jan baiti. Can sai na ji murya a cikin kunnena: "Salamu alaikum. Wai lafiya kuwa?" Surukina ne, mahaifin maiɗakina, wanda na kira da asuba na yi masa ya jiki. Na fi wata ban iya haɗa ido da dattijon nan ba. Shi kuwa, Allah Ya saka masa, bai taɓa ɗaga maganar ba, sai dai in na durƙusa gaishe shi na ga gemunsa na motsi.

Mai ƙugiya da ke zagaye bayan kunne ma na gwada na wani abokina, ko shiga hular bai yi ba. Mai rataya a wuya kuma ƙasan hula ke tura shi, in ka waiga ya fizge.

Shawarwari kuwa na sha su. Wani ya ce na sayi hular da ta fi kaina girma. Wani mai gyaran mashin ya ce na kawo ya sa wuƙa ya rarake min wurin kunnen. Na kusa yarda, sai da na ɗaga kyallen ciki na ga abin da zai yanka. Wannan farin abu mai kama da wanda ake tallafe sabuwar talabijin da shi a kwali, shi ne hular. Ƙoƙon waje aikinsa ya baza bugu ya hana abu ya huda, amma farin nan shi ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ƙwaƙwalwa. In ka rarake shi a daidai gefen kai, inda ƙashi ya fi sirantaka, to ƙwaryar 2009 ka koma, sai dai taka mai tsada ce. Ita ma hular da ta yi maka yawa juyawa take a ka, ranar da ake buƙatarta ta kan riga mai ita isa ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau da aka sa daidai na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari. Kalmar "daidai" ɗin nan ita ce mutane ke tsallakewa.

Yanzu bari na faɗi abin kunyar. Da na gaji, sai na fara ha'inci. In zan fito daga gida na sa hula tsaf Inna na gani, in na sha kwana na cire na rataye ta a hannun mashin, na toshe kunnuwana da waƙa. Da yamma in na kusa gida na mayar. Na yi kusan sati uku a haka, ina ce wa kaina ai ba ta ce kullum-kullum ba. Ran nan na dawo na durƙusa ina gaishe ta, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ikon Allah. Kwanon naka ƙura yake sha ta ciki yanzu? Ga gashinka ja wur." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Tuwon daren nan bai wuce min ba.

Da na je Kano sarin caja a kasuwar waya ta Farm Centre, sai na tafi da hular a hannu. Wannan ita ce dabarar da ya kamata na yi tun farko, kuma ita nake ba duk wanda ya tambaye ni: kada ka sayi iyafis don hula, hular tana gida. Masu shago ba sa son buɗe kwali, amma in ka nace akwai na gwaji. Na bi rumfuna ina sawa ina cirewa, yara na bina da kallo. Abin da na gano shi ne ba tsada ba ce, ba kuma suna ba. Siffa ce. Ka sa shi, ka shafa tafin hannunka daga gaban kunne zuwa baya. In hannunka ya ci karo da shi, hula ma za ta ci karo da shi. Wanda ya dace shi ne ɗan ƙarami, mai shafaffen baya, wanda ke lumewa cikin kwarmin kunne har ka iya kwanciya a kansa a matashi ba ka ji shi ba. Daga ƙarshe wani mai waya na samu, mai araha ma, da 'yan robobi kala uku a leda: ƙarama, matsakaiciya, babba. Yawancinmu zubar da ledar nan muke, alhali sirrin na cikinta. Robar da ta yi ƙanƙanta zamewa take da zufa, wadda ta yi girma kuma kunne ke turo ta waje a hankali. Ni sai a ranar na san kunnuwana ma ba girmansu ɗaya ba.

Mai waya yana da wasu alfanun. Ba ruwansa da caji, in ya zame ba ya faɗawa titi, kuma a yawancin wayoyinmu wayar tasa ce eriyar rediyo, in babu ita ba za ka kama Freedom ko Rediyon Jigawa ba. Sai dai ka duba ko wayarka na da ramin iyafis, don wasu sababbin sun daina zuwa da shi. Wayar kuma ta cikin riga ake zura ta, ka bar mata ɗan rara a wuya yadda in ka waiga ba za ta fizge ba. In ka bar ta a waje iska za ta yi ta kaɗa ta, kana jin fat-fat a cikin ka. Wajen sa hular, ka kama maɗauranta biyu ka buɗa su gefe da ƙarfi, ka fara zura ƙeya, sannan ka sauke ta. Da sanyi ina fara sa 'yar siririyar hular sanyi ta rufe kunnen, sai kwanon ya zame a kanta sumul. Sai ka ɗaure maɗauri, ka girgiza kai, ka yi hamma da gangan. In bai motsa ba, ka samu.

Na samu kuwa. Ranar farko ji na yi kamar a cikin situdiyo nake. Ƙarar inji ta koma can ƙasa, iska ta yi shiru, har numfashin mawaƙi ina ji. Na cika alƙawarin Inna, ga kuma waƙata. Na ce shi ke nan, an gama.

Ban yi tunanin abu ɗaya ba: abin da ya sa ya zauna daram shi ne ya toshe ramin kunnen ruf. Wato iyafis ɗin da ya fi kowanne zama a cikin hula shi ne ya fi kowanne kurmantar da kai.

Wata safiya ce cikin hunturu, hazo ya sauko har ba ka hango abin da ke gabanka da nisa. Na baro gida a makare, kunnuwa biyu a toshe, na ƙure ƙara saboda wata sabuwar waƙa da nake so na haddace kafin masu turi su fara tambayata. Kafin Shuwarin sai ga amalanken shanu a gabana, ya ci rabin hannuna. Madubina ya yi buɗu-buɗu da ƙura, na kalle shi ban ga komai ba, ban kuma waiga ba. Na karkata hagu zan wuce shi. Abin da na sani kawai wata iska ta buge ni, wani jan ƙarfe ya wuce ta gefen kafaɗata, kusan da zan iya karanta rubutun jikinsa. Tifa ce cike da yashi. Direban ya kauce har tayarsa ta sauka daga kwalta ta ɗaya gefen. Ni kuma na yi tangal-tangal na faɗa cikin gona, kaina ya daki kunya, gilashin hular ya tsage. Ina kwance ina kallon sama, waƙar nan ba ta ko tsaya ba. Iyafis ɗin bai motsa ba ko kaɗan. Kaya mai kyau ke nan!

Direban dattijo ne, da furfura a gemu. Ya taho da gudu jikinsa na rawa, yana salati. Da ya ga na tashi zaune na zare hula, ya ga waya na lilo daga kunnuwana, sai fuskarsa ta canza. Na zaci mari zan sha, kuma da ya mare ni da ban ce uffan ba.

"Ɗan nan," ya ce, "tun daga wancan kwalbatin nake maka oda. Na ɗauka kurma ne. Da na taka ka, me zan je na ce wa uwarka?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Ni ka ba haƙuri? Shekarata talatin a kan titi ban taɓa ɗaukar rai ba." Ya juya ya tafi yana share ido da hularsa. Mai amalanken ne ya taya ni tada mashin.

Mu masoya fim bai kamata a ba mu labarin titi ba. Titi ne ya raba mu da Balaraba Muhammad a 2003. Titi ne ya raba mu da Ahmed S. Nuhu ran 1 ga Janairu, 2007, a yankin Azare, kuma hanyar Maiduguri da ta bi ta Shuwarin ɗinmu can ta nufa. Na tuna yadda muka yi kuka kamar ɗan gidanmu ne. Su a mota ma suke, da ƙarfe kewaye da su. Ni da ke kan ƙafa biyu, na ɗauki kunnen da Hausawa suka ce in ya ji jiki ya tsira, na toshe shi da hannuna, har ina murnar na samu wanda ba ya faɗuwa.

Ba zan yi muku ƙarya na ce na daina jin waƙa a kan mashin ba. Wanda ya iya dainawa ya fi ni, kuma shi ke kan daidai. A Faransa tun Yulin 2015 aka hana duk mai tuƙi, har mai babur da mai keke, sa abu a kunne, sai dai sifikar da aka haɗa a jikin hula. A nan gida ma amfani da waya a kan tuƙi laifi ne a wurin jami'an kiyaye haɗurra, saboda haka ni ko kira ya shigo ba na ɗauka sai na faka. Abin da nake yi yanzu shi ne kunne ɗaya, na dama. Dalili kuwa a dama muke tuƙi, duk mai wuce ka ta hagu zai zo, to kunnen hagu na titi ne. Daga Shuwarin zuwa cikin gari kashewa nake gaba ɗaya, haka ranar kasuwa, haka in akwai hazo ko dare ya yi. Na kuma daina sa sautin fim. Da can na kan kunna 'Labarina' ko fassarar Indiya na sa waya a aljihu ina bi da kunne. Wannan ya fi waƙa haɗari nesa ba kusa ba, domin waƙar da ka sani ba ta neman hankalinka, amma labari jan ka yake, kana son jin me za ta ce masa, sai ka farka ka ga ka wuce kwanar gidanku. Irin masu tsadar nan da ke kashe ƙarar waje da na'ura kuwa, a bar wa masu hawa jirgi.

Sai maganar ƙara. Da can in na sauka da daddare na kan ji wani siririn kuka a kunnena, ziiii, kamar sauro ya shige, na ɗauka gajiya ce. Ashe kunne ne ke kai ƙara. A gudun babban titi, iskar da ke kaɗawa a cikin hula ita kaɗai ta kan haura desibel 90, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kai kuma sai ka ƙure waƙa don ta rinjayi iskar. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kunne na iya ɗaukar desibel 80 na awa 40 a sati, amma a desibel 90 awa huɗu ne kacal. Kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Yanzu tun a tsaye nake saita ƙarar, ba ta wuce rabi, in na hau titi iska ta danne waƙar sai na rage gudu maimakon na ƙara sauti. Har mai ya fi yi min auki.

Af, na manta. 'Yan fim ɗinmu ma ina da ƙorafi a kansu. Sau nawa kuka ga jarumi ya hau babur a fim ko a bidiyon waƙa da hular kwano? Sai dai baƙin gilashi da gashi ya sha mai. Na san darakta fuskar jaruminsa yake sayarwa, amma ai yana iya zuwa da hular ya cire ta a gaban budurwar. Ni a ganina ma hakan ya fi aji. Yaran da ke zuwa shagona duk abin da suka ga jarumi ya yi shi suke yi, har yadda yake ɗaure agogo.

Hular da ta daki ƙasa na canza ta, domin an ce in farin cikin nan ya taɓa shan bugu ya gama aikinsa ko da waje bai nuna ba. Tsohuwar tana shago a saman kanta, in yaro ya zo turi ya tambayi abin da ya fasa gilashin sai na ba shi labari, in da iyafis a kunnensa na ce ya cire ɗaya tukuna. Inna kuwa na ce mata mashin ne ya faɗi da hular a rataye. Ta dubi sabuwar, ta dubi gwiwar wandona da maiɗakina ta yi wa faci, ta ce, "To, Allah Ya kiyaye gaba." Na kunnen hagun kuma da almakashi na datse shi a daren, don na san halina. Yana nan cikin gwangwanin da nake tara matattun mimori.